Ƙwayoyin Hanji: Tsakanin Ƙwaryar Nono da Kantin Magani

A shekarar 2010 wasu masu bincike daga birnin Florence na Italiya suka fitar da sakamakon wani aiki da ya ja hankalin likitoci. Sun je Boulpon, wani ƙauyen ƙabilar Mossi a Burkina Faso, suka karɓi bayan gidan yara 'yan shekara 1 zuwa 6, suka kwatanta da na tsaransu na birninsu. Duka-duka yaran ba su wuce 30 ba. Abin da ake nema shi ne a ga irin ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin kowane ɓangare. Yaran ƙauyen, waɗanda cimarsu tuwon gero da dawa ne da wake da miyar ganye, sai aka tarar hanjinsu cike da wasu bakteriya, musamman wadda ake kira Prevotella, da suka ƙware wajen sarrafa dusa da zaren ganye. A hanjin yaran Italiya ba a gan su ba. Aka kuma ga cewa dangin ƙwayoyin da ke kawo zawo da atini, irin su Shigella, sun fi ƙaranci a cikin yaran ƙauyen, duk da cewa ruwan shansu bai kai na Turai tsafta ba.

Wannan bai nuna yaran Boulpon sun fi lafiya ta kowace fuska ba, don zazzaɓin cizon sauro da tamowa ba su bar karkarar Sahel ta huta ba. Abin da ya fito fili shi ne, abin da mutum ke sa wa bakinsa shi ke zaɓar waɗanda za su zauna masa a ciki. Kuma a cikin abincin da aka lissafa ɗin nan babu baƙo ga yaron da ya tashi a Daura ko Maraɗi ko Gumel. Maganar ta shafi matasa kai tsaye, domin wayoyinsu ne tallan kafso da garin “gyaran hanji” ya cika, kuma su ake aika kemis idan wani ya kwanta a gida.

Lissafin da masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka fitar a 2016 ya nuna baligi mai matsakaicin jiki yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin jikinsa na kansa kimanin tiriliyan 30 ne. Mafi yawansu a babban hanji suke, kuma in aka tara su duka nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Ba zaman banza suke yi ba. Akwai ɓangaren hatsi da wake da ganye wanda tumbi da ƙaramin hanji ba sa iya narkarwa, wanda likitoci ke kira faiba. Idan ya gangara babban hanji su ne ke karɓarsa su sarrafa, su fitar da wasu sinadarai, ciki har da butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon hanjin. Suna samar da bitamin K da wasu daga dangin bitamin B. Suna koya wa garkuwar jikin jariri bambance abokin zama da maƙiyi. Yawansu ma kaɗai kariya ne: hanjin mai lafiya kamar kasuwa ce ranar da take ci, kowace rumfa da mai ita, baƙon da ya shigo da mugun nufi sai ya rasa inda zai baje kayansa.

Tunanin cewa ana iya ƙara wa waɗannan mazauna 'yan'uwa ta baki ya haura shekara 100. Wanda ya yayata shi Élie Metchnikoff ne, ɗan Rasha da ke aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, wanda ya samu kyautar Nobel a 1908 kan garkuwar jiki. A 1907 ya rubuta cewa manoman Bulgeriya masu yawan shan nono mai tsami suna daɗewa a duniya, ya danganta hakan da bakteriyar da ke tsamar da madara, wadda wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano a Janeba a 1905. Zancen tsawon rai ba a taɓa tabbatar da shi ba, amma ƙofa ta buɗe. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan Jamus Alfred Nissle ya lura da wani soja da zawo bai kama shi ba alhali ya kwantar da abokan aikinsa, ya ciro wani irin bakteriya daga bayan gidansa, har yau kuma ana sayar da zuriyarta a matsayin magani. A 1923 Bafaranshe Henri Boulard ya ga mutanen yankin Indochina suna dafa ɓawon wasu 'ya'yan itatuwa suna sha lokacin annobar kwalara, ya samo wani yis a jikin ɓawon, wanda yanzu ake kira Saccharomyces boulardii. A Japan kuma Minoru Shirota ya raini wani iri a 1930, wanda aka fara sayarwa cikin abin shan Yakult a 1935.

Sai a 2001 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tara masana a birnin Córdoba na Ajantina suka tsayar da ma'anar abin da za a kira furobayotik. Dole ƙwayoyin su zama da rai, dole a sha su da yawan da ya isa, dole kuma ya zama an ga amfaninsu ga lafiyar mai sha. Sharaɗi na ukun nan shi ne wanda kasuwa ta fi tsallakewa. Akwai kuma abin da masu talla ba sa son a tsaya a kai: amfanin da aka gani a iri ɗaya ba ya wucewa zuwa ɗan'uwansa don kawai sunansu ɗaya. Ƙwayar da Nissle ya ciro daga cikin sojan nan E. coli ce. Wadda ta ɓarke a Jamus a 2011 ta kashe mutum fiye da 50 ita ma E. coli ce. Saboda haka ganin “Lactobacillus” a jikin kwalba bai gaya wa mai saye komai ba tukuna.

Misali mafi kyau na yadda ake yin abin daidai daga jihar Odisha ta Indiya ya fito. A can, kamar a ƙasar Hausa, jarirai da yawa na rasuwa a makonnin farko saboda ƙwayoyin cuta da ke shiga jini: jariri ya daina kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ya yi laushi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Wani likita, Pinaki Panigrahi na Jami'ar Nebraska ta Amurka, ya shafe shekaru yana tantance ire-iren bakteriya sama da 200 kafin ya tsaya kan wani iri na Lactobacillus plantarum wanda ya ga yana iya kama hanjin jariri ya zauna. Ya haɗa shi da wani nau'in sukari da ƙwayar ke ci. Aka ɗauki jarirai 4,556 a ƙauyuka 149, masu nauyin kilo 2 zuwa sama, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su haɗin na kwana 7, rabi aka ba su gari mai kama da shi wanda babu ƙwayar a ciki, kuma daga iyaye har ma'aikatan da ke zagayen duba yaran ba wanda ya san wanne aka ba wa wanne. Cikin wata 2, kashi 9 cikin 100 na waɗanda suka sha garin da babu komai sun kamu da cutar ko sun rasu. A ɗaya ɓangaren kashi 5.4 ne. Ragin kashi 40 cikin 100 ke nan, da maganin da kuɗinsa bai wuce dala 1 ba. Mujallar Nature ce ta buga sakamakon a 2017. Duk ɗalibin da ke son sanin yadda ake gane magani na gaskiya, ya riƙe matakan nan: iri ɗaya takamaimai, cuta ɗaya takamaimai, mutane dubbai, da rukunin da za a kwatanta da shi.

Akwai wasu wuraren da hujja ta yi ƙarfi. Yaron da ke shan antibayotik bisa umarnin likita yakan yi zawo, domin maganin ya taɓa mazauna hanjinsa. Da masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 33 a 2019, na yara fiye da 6,000, sun ga kashi 19 cikin 100 na yaran da ba a ba furobayotik ba sun yi irin wannan zawon, waɗanda aka ba kuwa kashi 8 ne. Ire-iren da suka fi nuna amfani su ne yis ɗin Boulard da kuma Lactobacillus rhamnosus GG. Sai kuma zancen madara. Manya da yawa in suka sha ɗanyar madara cikinsu ya kumbura ya dinga ƙugi, saboda jikinsu ya rage samar da sinadarin da ke narkar da sukarin madara tun bayan yaye. Fulani makiyaya da yawa sun gaji jikin da ke ci gaba da samar da shi har tsufa, sauran maƙwabtansu kuwa ba kowa ba. Ga irin waɗannan mutane nono mai tsami ya fi sauƙi, domin ƙwayoyin sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taya hanji narkar da sauran. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, wadda ta yi watsi da iƙirarin kamfanonin furobayotik masu yawan gaske, wannan ɗin ta amince da shi a 2010, da sharaɗin a samu rayayyun ƙwayoyi aƙalla miliyan 100 a kowane giram na yogot.

To amma inda aka fi sa rai, a nan aka fi shan mamaki. Shekara da shekaru ana ba yara masu gudawa da amai furobayotik ana cewa yana rage kwanakin ciwon. A 2018 aka fitar da manyan gwaje-gwaje guda 2, ɗaya a Amurka da yara 971, ɗaya a Kanada da yara 886, dukansu waɗanda aka kai sashen gaggawa da gudawa. Waɗanda suka sha ƙwayoyin da waɗanda suka sha garin da babu komai duk tafiyarsu ɗaya, babu wanda ya riga wani warkewa.

A nan ya kamata yaya ko yayar da aka bar wa ƙanne su tsaya su natsu. Abin da ke kashe yaro mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, kuma maganinsa sananne ne, mai arha: ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da ba shi nono da abinci. Haɗin gishiri da sukari na fakiti ya fi, a zuba shi a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a samu lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a zauna ana cewa haƙori ne yake fitarwa. Idan idanun yaro suka faɗa, ko maɗigarsa ta loɓa, ko ya kasa shan komai, ko aka ga jini a bayan gidansa, asibiti za a nufa nan take. Yawancin gudawar ƙananan yara bairos ne ke kawo ta, musamman rota, wanda antibayotik ba ya taɓa shi ko kaɗan, kuma tun watan Agustan 2022 Najeriya ta sa rigakafinsa cikin jerin rigakafin yara na kyauta. Kuɗin da za a kashe kan fakitin furobayotik a irin wannan hali, gara a sayi zinc da shi.

Masu cewa “in bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba” su ma akwai labarin da ya kamata su ji. A ƙasar Holan an gwada haɗin bakteriya iri 6 a kan masu matsanancin kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Likitocin sun yi zaton zai hana ƙwayoyin cuta tsallakawa daga hanji. Sakamakon da ya fito a 2008 ya girgiza su: mutum 24 cikin 152 da aka ba ƙwayoyin sun rasu, a rukunin da ba a ba su ba kuwa 9 cikin 144. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci bayan wani bakwaini ya rasu, aka kuma tarar ƙwayar da ta shiga jininsa ita ce wadda aka ba shi a matsayin furobayotik. Ga mai lafiya haɗarin kaɗan ne ƙwarai. Amma bakwaini, da mai shan maganin ciwon daji, da mai ƙanjamau wanda garkuwarsa ta yi ƙasa, da wanda aka yi wa babbar tiyata, da wanda ke kwance rai a hannun Allah, ba a ba su rayayyun ƙwayoyi sai likitan da ke duba su ya ce a ba su. Mai zuwa dubiya da kwalba a jaka, da kyakkyawar niyya, ya fara tambaya.

Babbar matsalar ƙasar Hausa ma ba ƙarancin furobayotik ba ce. Duk wanda ya ɗan tsaya a gaban kemis bayan sallar magariba ya ga yadda abin ke gudana. Saurayi zai zo ya ce, “Cikina ke murɗa tun safe, a haɗa mini magani.” Mai shago ya ɓallo Flagyl 2, sifiro 2, kafso mai ja da rawaya 2, ya ƙulle a farar leda. Wani mura ce ta kama shi, a ba shi Ampiclox. Wata ta yi gwajin Widal sau ɗaya an ce mata taifod ne, alhali gwajin nan shi kaɗai ba ya tabbatar da taifod, ta kwashi allurai na mako guda. Antibayotik ni'ima ce babba, ya ceci rayukan da ba sa ƙirguwa, kuma wanda likita ya rubuta wa ya sha shi yadda aka ce, har iya kwanakin da aka ce. Sai dai maganin ba ya tantance mai laifi da marar laifi, duk wanda ya tarar a hanya yana shafa. A 2018 masu bincike a Kofanhagen na Denmak suka ba samari 12 masu ƙoshin lafiya haɗin antibayotik 3 masu ƙarfi na kwana 4 kacal. Hanjinsu ya kusa komawa daidai cikin wata ɗaya da rabi, amma bayan wata 6 akwai jinsin bakteriya 9 da dukansu ke da su a da, waɗanda ba a sake ganinsu ba a cikin mafi yawan samarin. Sau ɗaya ke nan. Sai a auna wanda ke yin haka duk bayan 'yan makonni tun yana ƙarami.

Ɓarnar ba ta tsaya a cikin mai sha ba. Ƙwayoyin da suka tsira daga maganin da aka sha rabi-rabi su ne ke hayayyafa su zama gagararru, su bi hannu da ruwa da masai su shiga wasu. Wani babban lissafi da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da magani ya daina ci, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce a gaba.

Wani zai ce to in an gama antibayotik sai a bi da kafson furobayotik a gyara. Abin bai kai haka sauƙi ba. A 2018 masanan Weizmann suka ba mutum 21 sifiro da Flagyl na mako guda, wato dai magungunan nan na farar leda, sannan suka raba su uku. Wasu aka ƙyale su, wasu aka ba su haɗin furobayotik iri 11, wasu aka mayar musu da ƙwayoyin hanjinsu na asali da aka adana kafin a fara. Na ƙarshen nan sun koma daidai cikin kwanaki. Waɗanda aka ƙyale suka biyo baya. Waɗanda suka sha furobayotik su suka fi daɗewa, har bayan wata 5 hanjinsu bai gama komawa yadda yake ba, domin baƙin sun tare wurin da 'yan gida za su dawo. Mutanen kaɗan ne, bai isa a yanke hukunci na ƙarshe da shi ba, amma ya isa ya sa mutum ya daina ɗaukar kafso a matsayin kaffarar shan magani barkatai. Shi ma wankin ciki da ake yi da sunan fitar da datti, babu wata hujja da ta nuna yana gyara mazauna hanji, ruwan jiki da gishirinsa kawai yake kwashewa.

Mayar da ƙwayoyi ta hanyar bayan gida, duk da ƙyamar da ke cikin jin sa, magani ne na gaske a cuta guda. Akwai wata ƙwaya, Clostridioides difficile, da ke mamaye hanjin da antibayotik ya share, ta kawo zawon da ke ta dawowa. A wani gwaji a Amsterdam da aka buga a 2013, mutum 13 cikin 16 sun warke da zubi ɗaya na bayan gidan mai lafiya da aka tace, maganin da aka saba kuwa 4 cikin 13 ya warkar. Aikin asibiti ne da ake tantance mai bayarwa sosai, don a 2019 wani majinyaci ya rasu a Amurka bayan an ba shi wanda ke ɗauke da gagararriyar ƙwaya.

Abin da ke hannun matashi ya fi wannan duka sauƙi, kuma yana cikin gida. Mai yin kindirmo takan tafasa madara, ta sauke ta bar ta ta huce har ɗan yatsa ya iya jure ɗuminta, ta ɗebo ludayi guda na kindirmon jiya ta zuba, ta rufe ƙwaryar da faifai ta ajiye a lungun ɗaki. Da safe madarar ta kama, ta yi kauri, ƙamshin tsami na tashi. Abin da masana ke yi a ɗakin gwaji ke nan ba ragi: tafasar ta kashe baƙin ƙwayoyi, ludayin jiya ya shuka waɗanda ake so, tsamin da suka fitar ya hana wasu shiga. Ba za a kira kindirmo magani ba, don ba wanda ya ƙirga iri da yawan abin da ke cikin kowace ƙwarya. Amma abinci ne mai gina jiki, mai ɗauke da rayayyun ƙwayoyi, kuma wani gwaji a Jami'ar Stanford a 2021, na mutum 36 tsawon mako 10, ya nuna waɗanda suka yawaita cin abinci mai tsami irin wannan sun samu ƙarin ire-iren ƙwayoyin hanji da raguwar alamun kumburi a jini.

Sai dai a kula da abu biyu. Nonon da aka yi da madarar da ba a tafasa ba yana iya ɗaukar tarin fuka na shanu da kuma burusela, mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, kuma tsami ba ya ba da tabbacin sun mutu. Na biyu shi ne ruwan da ake surka nono da shi, da ƙanƙarar da ake jefawa a fura. Sau da yawa wanda ya ce fura ta ɓata masa ciki, ruwan ne ya ɓata masa. Ba laifi ba ne a tambayi mai nono ko ta dafa madararta.

Koko da kunu labarinsu daban. Geron da aka jiƙa aka markaɗa aka tace aka bari ya kwana, bakteriyar tsami ce ta yi aiki a kansa, amma tafasasshen ruwan da ake damawa da shi yana kashe su. Haka daddawa: kalwa ce da aka dafa aka rufe ta kwana biyu ko uku, ƙwayar Bacillus subtilis ta sarrafa ta, irin wadda Japanawa ke yin abincinsu na natto da ita, sannan ta shiga tukunyar miya ta dahu. Amfaninsu ta wata hanya yake zuwa. Tsamin gasara yana rage sinadarin da ke riƙe ƙarfe da zinc a cikin hatsi ya hana jiki samu, daddawa kuma tana ƙara wa miya abin gina jiki. Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne faiba, wadda ke ɓacewa daga kwanon ɗalibai ba a lura ba. Shayi da farin burodi da safe, taliyar leda da rana, farar shinkafa da lemon kwalba da dare: a cikin wannan jeri kusan babu abin da ke isa babban hanji. Wake, da ɗanwake, da dambun zogale, da kwaɗon rama, da miyar kuka da kuɓewa, da aya, da gyaɗa, da albasa, da dankalin Hausa, da hatsin da ba a yi masa surfe har ya yi fari tas ba, su ne abincin mazauna hanji, kuma mafi yawansu sun fi abin da ya maye gurbinsu arha. Wanda ya daɗe bai saba ba ya ƙara a hankali, don ciki kan yi iska a kwanakin farko.

'Yan matan da ke dab da zama iyaye, da samarin da za su zama mazajensu, akwai abin da ya fi kowane kafso a gabansu. A cikin nonon uwa akwai wasu nau'o'in sukari fiye da 100 waɗanda jariri ba ya iya narkarwa ko kaɗan. An yi su ne domin Bifidobacterium, ƙwayar da Henry Tissier ya fara ganowa a bayan gidan jarirai masu shan nono a Faris a 1899. Ita ke cinye su, ta cika hanjin, ta sa shi tsami yadda masu cutarwa ba sa jin daɗin zama. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da rawaya da wasu gidaje har yanzu ke matsewa su zubar, cike yake da wannan sukarin da kuma sinadaran garkuwa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a kuma ba shi nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo. Sau da yawa mai jego ta san wannan, goyon bayan miji take buƙata idan kakanni suka matsa a ba yaro ruwa.

Inda binciken ya dosa yanzu ma ya fi karkata ga abinci. A unguwar Mirpur ta birnin Dhaka, masanan Jami'ar Washington ta St. Louis ƙarƙashin Jeffrey Gordon, tare da cibiyar binciken cututtukan gudawa ta Bangaladash, sun gano cewa hanjin yaro mai tamowa ba ya girma da shekarunsa, ƙwayoyinsa na zama irin na ƙaramin jariri. Suka haɗa abinci daga garin wani nau'in wake da waken suya da gyaɗa da ɗanyar ayaba, wanda aka zaɓa musamman don ciyar da ƙwayoyin da suka yi ƙaranci. A gwajin da aka buga a 2021, na yara 123 tsawon wata 3, waɗanda suka ci shi sun fi saurin ƙara nauyi a kan masu cin abincin tamowa da aka saba, duk da cewa kuzarin da ke cikinsa bai kai na wancan ba. Ɗaliban kimiyyar abinci da na ƙananan halittu a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna zaune a tsakiyar gero da wake da gyaɗa da kuka, a yankin da tamowa ke cin yara duk damina. Tambayar da aka yi wa abincin Dhaka tana jiran wanda zai yi wa nasu.

Idan kuma likita ya ce a sayi furobayotik, ko mutum ya ga yana so ya gwada, a karanta jikin kwalin. A nemi cikakken sunan ƙwayar har da haruffa ko lambar da ke biye da shi, irin GG ɗin nan, domin da ita ake gane irin da aka gwada. A duba ko yawan ƙwayoyin da aka rubuta na ranar ƙarewar wa'adi ne ko na ranar da aka ƙera. A duba lambar NAFDAC, tare da sanin cewa lambar ba shaida ba ce ga duk abin da mai talla ya faɗa da baki. Maganin da aka ce yana warkar da olsa da basir da ciwon suga da sanyi da rashin haihuwa a lokaci guda, ba a gwada shi a kan ko ɗaya ba. Mai shan antibayotik ya bar tazarar awa 2 tsakaninsa da furobayotik na bakteriya, shi kuwa na Boulard yis ne, antibayotik ba ya kashe shi. Yogot ɗin kanti ma wani ana sake dafa shi bayan ya yi tsami don ya daɗe a shago, wani kuma sukarinsa ya kusa na lemo. Kuma tunda abin mai rai ne, zafi na kashe shi. Kwalbar da aka rubuta a ajiye ta a firiji, amma aka tarar da ita a kan kanta cikin zafin watan Afrilu, ko a bayan motar masu talla da lasifika a bakin tasha, a bar wa mai ita kayarsa komai arharta.